Craigellachie: Ƙauyen Da Arzikinsa Ke Kwance Cikin Ganga

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2023, wani kamfanin gwanjo mai suna Sotheby's ya fito da kwalba guda ɗaya tak ta barasar nan da Turawa ke kira wuski a birnin Landan, aka yi ta tayi har aka sallama a kan kuɗi kusan fam miliyan 2 da dubu 200. Kafin wannan rana ba a taɓa jin an sayi kwalbar wani abin sha da tsada haka a wurin gwanjo ba. Abin da ke cikin kwalbar tun 1926 aka dafa shi, ya yi shekara 60 yana kwance cikin gangar katako kafin a ɗura shi, kuma kwalabe 40 kaɗai aka samu daga wannan ganga.

Duk wanda ya ji wannan labari zai zaci daga wani ƙasaitaccen birni kwalbar ta fito. To, daga wata gona ta fito, a bisa wani tudu mai duban wani ɗan ƙauye da ake kira Craigellachie, can arewa maso gabashin ƙasar Sikotland, cikin gundumar Moray. Mutanen wurin kan furta sunan kamar a ce Kiregelaki. Ƙauyen yana kimanin mil 12 kudu da garin Elgin, daidai inda ƙaramin kogin Fiddich ya faɗa cikin babban kogin Spey, kuma mazaunansa duka ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Gidajen dutse ne a jere a gefen tudu, da makarantar firamare, da wani tsohon otal. Amma a cikin ƙauyen akwai matatar wuski, a tsallaken kogi akwai wata, a bayan gari kuma ga babbar masassaƙar ganguna. Idan mutum ya zagaya kwarin Spey da kewayensa zai ƙirga matatu wajen 50, watau kusan sulusin dukan matatun wuski na ƙasar.

Hukuncin giya ga Musulmi sananne ne, ba ya bukatar dogon bayani, kuma ko a Sikotland ɗin kanta akwai masu ƙyamarta tun zamanin kakanni. Abin lura a tarihin Craigellachie shi ne yadda ƙauye kan rayu idan ya rataya wuyansa ga sana'a guda wadda masu sayen kayanta suke nesa, masu jarinta ma suke nesa. Shekara 200 ke nan ana yanke abin da zai sami mutanen wannan ƙauye a majalisar Landan, da gonakin inabi na Faransa, da ofisoshin kwastan na Amurka.

KOGI DA GADA

Kogin Spey yana da tsawon mil 107, ya taso daga duwatsun tsakiyar Sikotland ya gangara arewa maso gabas har ya shiga teku. An san shi da ƙarfin gudu fiye da sauran manyan kogunan ƙasar, kuma idan ƙanƙarar kan duwatsu ta narke, ko aka yi ruwa mai yawa, yakan cika cikin 'yan sa'o'i kaɗan. A zamanin da, da kwalekwale ake tsallaka shi, ana kuma ɗaure gumagumai a sako su bisa ruwa har bakin teku inda ake sassaƙa jiragen ruwa.

Tsakanin 1812 da 1814 ne shahararren injiniyan nan Thomas Telford ya gina wa ƙauyen gada ta zubin ƙarfe mai baka ɗaya, wadda faɗin bakanta ya kai ƙafa 150. A ƙasar Wales aka zuba ƙarafan, aka ɗauko su ta ruwa har bakin kogin Spey, sa'an nan aka jawo su a keken doki zuwa wurin aikin. Gwamnati ta biya rabin kuɗin, masu ƙasa da sauran jama'ar yankin suka tara rabi. Mutanen wurin sun gargaɗi Telford game da halin kogin nasu, shi kuwa ya ji shawara ya ɗaga ginin sama sosai. A watan Agusta na 1829 aka yi wata gagarumar ambaliya wadda ta share gadoji da gidaje da gonaki a duk faɗin Moray, amma gadar Craigellachie ta tsaya. Ta ci gaba da ɗaukar motoci har 1972 lokacin da aka buɗe sabuwa a kusa da ita, kuma ita ce gadar zubin ƙarfe mafi tsufa da ta rage a Sikotland.

Kafin wuski ya zama sana'ar a-zo-a-gani, babban abin da wannan yanki ke fitarwa shi ne 'ya'yansa. Ƙasar tana da sanyi, damina gajera ce, gonakin kuma na manyan masu ƙasa ne, talaka haya yake yi. Saboda haka samari suka riƙa ƙetare teku neman abin kansu. Ɗaya daga cikinsu, George Stephen, haifaffen Dufftown da ke maƙwabtaka da Craigellachie, shi ya zama shugaban kamfanin da ya shimfiɗa layin dogo daga gabashin Kanada zuwa yammacinta. Wurin da aka buga ƙusar ƙarshe ta wannan layi, ran 7 ga Nuwamba 1885, sunan Craigellachie aka raɗa masa, don tunawa da gida.

ZAMANIN FASA-ƘWAURI

Kalmar wuski ta samo asali ne daga harshen Gelik na mutanen duwatsun Sikotland, inda suke kiran abin da sunan da ke nufin ruwan rai. Ita kuwa dabarar tara tururi a mai da shi ruwa ta daɗe a duniya, masana na ƙasashen Musulmi irin su al-Kindi na Bagadaza sun kyautata ta tun ƙarni na 9 wajen haɗa turare da ruwan wardi, daga baya ta shiga Turai ta hannun masu haɗa magunguna. Rubutu mafi daɗewa da ya ambaci wannan aiki a Sikotland yana cikin littafin baitulmalin sarki na 1494, inda aka rubuta an ba wani malamin coci mai suna John Cor tsiron sha'ir don ya dafa.

Ga manomin kwarin Spey, dalilin dafa wuski a fili yake. Sha'ir ba ya jure ajiya a ƙasa mai danshi, kuma ɗaukar buhuna a bayan doki a tsallaka duwatsu zuwa kasuwa wahala ce marar riba. Amma idan aka mai da shi wuski, kayan ya ragu, ba ya lalacewa, kuɗinsa ya ninka, dusar da ta rage kuma shanu su ci da hunturu. Da wannan kuɗi manoma da yawa ke biyan hayar gona.

Majalisar Sikotland ta fara ɗora wa wuski haraji a 1644, bayan haɗewar ƙasar da Ingila a 1707 kuma harajin ya yi ta ƙaruwa, dokokin suka yi ta rikiɗa. Sai mutanen duwatsu suka koma dafawa a ɓoye, cikin kwazazzabai da bukkoki, suna safara da dare, ma'aikatan haraji na bin sawunsu. An ce a farkon shekarun 1820 akan kama tukwanen dafawa har 14,000 a shekara, amma abin bai ragu ba, domin kusan kowa yana da hannu a ciki, har da wasu masu ƙasa da ke jiran kuɗin haya.

Masu iya magana sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. A 1823, bisa matsawar wani babban basarake na yankin, Duke na Gordon, majalisar Landan ta yi dokar da ta rage harajin, ta ce duk mai tukunyar da ta kai galan 40 yana iya yankan lasin a kan fam 10 ya yi aikinsa a fili. A 1824 wani manomi mai suna George Smith ya yanki lasin a kwarin Glenlivet, tsofaffin abokan fasa-ƙwaurinsa suka yi barazanar ƙona shi da matatarsa, har ya zama ba ya rabuwa da ƙananan bindigogi biyu da mai ƙasar Aberlour ya ba shi. A wannan shekara ce kuma wani manomi malamin makaranta, Alexander Reid, ya yanki nasa lasin a gonar Easter Elchies, tsallaken kogi daga Craigellachie. Wannan ita ce matatar Macallan, inda kwalbar nan ta gwanjon Landan ta fito.

ƘWARO A FARANSA, CINIKI A SPEY

Lasin kaɗai bai isa ya kai wuski kasuwannin duniya ba. A 1863 layin dogo ya iso Craigellachie, ƙauyen ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, wani layi ya nufi Elgin, wani Dufftown da Keith, wani kuma ya bi gaɓar kogi ya haura. Daga nan gawayin kwal da sha'ir suka riƙa shigowa cikin sauƙi, ganguna suna fita zuwa Gilasgo da Edinbara, inda 'yan kasuwa suka ƙware wajen gauraya wuskin tukunya mai kauri da wani mai araha wanda ake yi da injin da Aeneas Coffey ya ƙago a 1830. Wannan gauraye shi ya dace da bakin mutanen Ingila.

Sa'an nan sai wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ya shigo Turai daga Amurka ya faɗa wa saiwar inabi a Faransa tun daga shekarun 1860, ya yi ta cinye gonaki har shekarun 1880. Barasar inabi da manyan mutanen Landan suka saba sha ta yi wuya, ta yi tsada, 'yan kasuwar Sikotland suka cike gurbin da nasu kaya. Masifar manomin Faransa ta zama buɗin mutanen Spey.

Cikin wannan guguwar ciniki ne aka kafa matatar Craigellachie a 1891. Masu ita na farko su ne Alexander Edward, wani matashi ɗan yankin, da Peter Mackie, mai wuskin nan da ake kira White Horse. Bayan shekara biyu, a 1893, aka gina babban otal na ƙauyen don saukar baƙin da jirgin ƙasa ke kawowa, masu zuwa kamun kifi da masu zuwa sayen wuski. Yawancin abin da baƙo ke gani a ƙauyen a yau a wannan zamani aka kafa shi.

YADDA AIKIN YAKE

Kayan haɗin wuski na asali uku ne kawai, sha'ir da ruwa da yisti. Akan jiƙa sha'ir ya yi tsiro na 'yan kwanaki, a busar da shi, a niƙa, a zuba masa ruwan zafi don zaƙinsa ya fito. Sai a sa yisti a bar shi kwana biyu zuwa huɗu ya tashi. Bayan haka a dafa shi sau biyu cikin manyan tukwanen jan ƙarfe masu dogon wuya, tururin ya bi bututu ya huce ya koma ruwa. Matatar Craigellachie tana cikin 'yan kaɗan da suka riƙe tsohuwar hanyar sanyaya tururi, watau doguwar mesar jan ƙarfe da aka naɗe kamar maciji cikin babban kwatarnin ruwan sanyi a waje. Masu sana'ar sun ce wannan ne ke ba kayansu nauyin da ya bambanta shi da na maƙwabta.

Abin da ke fitowa daga tukunya fari ne fat kamar ruwa, kuma a doka bai zama wuski ba tukuna. Dokar da ake aiki da ita tun 2009 ta ce sai ya kwana aƙalla shekara 3 a cikin gangar wani itace mai ƙarfi da Turawa ke kira oak, a cikin ƙasar Sikotland, kuma kada ƙarfinsa ya gaza kashi 40 cikin 100 a kwalba. A cikin gangar ne yake samun launinsa da yawancin ƙamshinsa. A kowace shekara kimanin kashi 2 cikin 100 na abin da ke ciki yakan bi iska ta jikin katako. Ƙungiyar masu sana'ar ta ƙiyasta cewa ganguna wajen miliyan 22 ne ke kwance a ɗakunan ajiya na ƙasar, watau sun ninka yawan jama'arta wajen sau huɗu.

Wannan jira shi ne asirin sana'ar, shi ne kuma haɗarinta. Mai matata yakan kashe kuɗi bana a kan kayan da ba zai sayar ba sai bayan shekara 10 ko 12 ko fiye, alhali ba wanda ya san yadda kasuwa za ta kasance a lokacin.

MASASSAƘAN GANGA

A bayan ƙauyen, a kan hanyar Dufftown, matafiyi zai ga ganguna an tara su tsibi-tsibi kamar dalar gyaɗa. Nan ce masassaƙar Speyside Cooperage, wadda iyalin Taylor suka kafa a 1947, inda ake gyara ganguna fiye da 100,000 a shekara. Yawancinsu daga Amurka suke zuwa, domin dokar can ta hana masu irin nasu wuskin da ake kira bourbon sake amfani da gangar da aka taɓa zuba wa kaya, sai sabuwa. Sauran kuma daga Sifen, waɗanda aka taɓa ajiye giyar inabi a ciki. Ashe ko gangar da arzikin ƙauyen ke kwance a cikinta baƙuwa ce.

Aikin masassaƙin ganga bai sake sosai ba tun zamanin kakanni. Ba a sa ƙusa, ba a sa gam. Ƙwarewar hannu ce ke sa faifayen katako su haɗa baki, zoben ƙarfe ya matse su, a cusa busasshiyar ciyawar fadama a bakin murfi don kada ya yi yoyo. Masassaƙi yakan duba ganga, ya buge zobba, ya zare katakon da ya tsage ya sa wani, ya kankare cikin, a babbake shi da wuta, sa'an nan a gwada da ruwa da iska. Yaro yakan yi shekara 4 yana koyo a ƙarƙashin maigida, ranar yaye shi kuma abokan aiki su saka shi cikin ganga, su shafe shi da baƙin datti, su gangara shi a tsakar masassaƙa. Gwargwadon gangunan da mutum ya gama ake biyansa, shi ya sa baƙon da ya leƙa daga bene ba ya ganin mai tsayawa hira. Gangar da ta sami gyara yadda ya kamata takan yi shekaru da dama tana aiki.

RANAR WANKA

Ciniki bai daɗe yana gaba ba sai ya waiwayo. A ƙarshen 1898 wani babban kamfanin gauraya wuski na garin Leith, mallakar 'yan'uwa biyu Robert da Walter Pattison, ya karye. Mutanen nan sun yi suna wajen almubazzaranci da talla, har aku 500 suka rarraba wa masu kantuna bayan an koya musu kiran sunan kayansu. Da aka bincika littattafansu sai aka tarar da ƙarya a lissafi da algus a kaya, aka ɗaure su a 1901. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ba su kaɗai suka faɗa ba, sun ja matatu da dama da suka ba su kaya bashi. Farashi ya faɗi, kuma an shafe fiye da shekara 50 ba a sake gina sabuwar matata a kwarin Spey ba.

Daga nan masifu suka yi ta bin juna. A Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnati ta tsayar da dafa wuski don a tanadi hatsi. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta sayar da giya a ƙasarta. A Yaƙin Duniya na Biyu aka sake rufe yawancin matatu. Bayan yaƙi kasuwa ta farfaɗo, aka faɗaɗa matatu, har da ta Craigellachie wadda aka sake ginawa a tsakiyar shekarun 1960, aka yi ta dafawa ba ƙaƙƙautawa. Da tattalin arzikin duniya ya karye a farkon shekarun 1980 sai aka wayi gari ɗakunan ajiya sun cika maƙil ba masu saye. A 1983 da 1985 babban kamfanin da ya mallaki yawancin matatu ya rufe da dama daga cikinsu, ciki har da Dallas Dhu kusa da Forres da Convalmore a Dufftown. A ƙauyen da matata ce kaɗai wurin aiki, rufe ta yana nufin iyalai su tashi. Jirgin ƙasa ma ya riga ya tafi, an rufe tashar Craigellachie ga fasinja a 1968, inda layin ya bi a da ya zama turbar masu yawon ƙafa.

Ko a wannan ƙarni abin bai sake ba. A watan Oktoba na 2019 Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin 100 a kan wuskin matata guda na Sikotland, saboda wata rigima tsakaninta da Turai a kan tallafin kamfanonin ƙera jiragen sama na Airbus da Boeing. Kafin a janye harajin a 2021, ƙungiyar masu sana'ar ta ce an yi asarar cinikin fiye da fam miliyan 600. Mutanen da ba su taɓa ƙera ko fiffiken jirgi ba su suka biya. Kuɗin wuskin da aka fitar waje ya kai fam miliyan 6,200 a 2022, ya sauko zuwa miliyan 5,600 a 2023, ya ƙara saukowa zuwa miliyan 5,400 a 2024, a 2025 kuma Amurka ta sake ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan Birtaniya.

WA KE DA RIBAR?

Sunan ƙauyen yana jikin kwalabe a kantunan filayen jirgin sama na duniya, amma matatar Craigellachie tun 1998 take hannun kamfanin Bacardi, mai hedkwata a tsibirin Bermuda. Masassaƙar ganguna ta koma hannun wani kamfanin Faransa a 2008. Matatun Aberlour da Glenlivet na kamfanin Pernod Ricard ne na Faransa, wasu da yawa kuma na kamfanin Diageo ne da ke Landan. Mai son karin magana zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma adalci shi ne a faɗi ɗaya gefen. Kuɗin waɗannan manyan kamfanoni ne ke iya jure jiran shekara 12 da kai kaya kasuwannin Asiya da Amurka, abin da ƙaramin mai matata ba zai iya ba. Akwai kuma waɗanda suka rage a hannun 'yan ƙasa. Glenfarclas tana hannun iyali guda tun 1865, Glenfiddich ta Dufftown tana hannun zuriyar William Grant wanda ya fara dafawa a 1887. Macallan ta kamfanin Edrington ce na Gilasgo, wanda babban mai hannun jarinsa wata gidauniyar taimakon jama'a ce da wasu 'yan'uwa mata uku na gidan Robertson suka kafa a 1961. A 2018 kamfanin ya buɗe sabuwar matata a Easter Elchies wadda ta ci fam miliyan 140, an binne rabinta cikin tudu an shuka ciyawa a rufinta.

Sai dai gini mai tsada ba ya nufin aiki mai yawa. Matatar zamani na'urori ke tafiyar da ita, mutum 'yan kaɗan sun isa su kula da ita dare da rana, alhali a da akwai masu juya tsiro da shebur, da masu zuba kwal, da masu keken doki. Guraben aiki da yawa sun koma wajen karɓar baƙi, da otal, da tuƙin manyan motoci. A 2019 an ƙirga ziyara fiye da miliyan 2 zuwa matatun Sikotland, kuma tun 1999 ake yin bikin wuski na kwarin Spey a kowace bazara. Garin Aberlour, mil biyu daga Craigellachie, ya sami wata madogara ta dabam, watau kamfanin biskit na Walkers wanda Joseph Walker ya fara da ɗan gidan burodi a 1898.

ABIN DA BA A RUBUTAWA A JIKIN KWALBA

Ƙasar da ke alfahari da wuski ita ce kuma ke kuka da barasa. Hukumar ƙididdiga ta Sikotland ta ce mutum 1,277 suka mutu a 2023 ta dalilin cututtukan da shan barasa kaɗai ke jawowa, adadin da ba a ga irinsa ba tun 2008, kuma abin ya fi tsanani a unguwannin talakawa. Wannan kuka ba sabo ba ne. Dokar 1913 ta ba garuruwa ikon jefa ƙuri'a su hana sayar da giya, garin Wick da ke can arewa ya yi haka, ya zauna ba mashaya daga 1922 har 1947.

A 2012 majalisar Sikotland ta yi dokar da ta ƙayyade mafi ƙarancin farashin da za a sayar da barasa, don a kawar da mai arahar da ke halaka mashaya. Ƙungiyar masu wuski ta kai ƙara, aka yi ta shari'a har kotun ƙoli ta Birtaniya ta ba gwamnati gaskiya a 2017. Dokar ta fara aiki a watan Mayu na 2018 a kan kwabo 50 na kuɗin Ingila ga kowane awo, aka ɗaga shi zuwa kwabo 65 a watan Satumba na 2024. Wani bincike da hukumar lafiya ta ƙasar ta fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa dokar ta rage mace-macen da kimanin kashi 13 cikin 100 bisa ga yadda da za su kasance. Gaskiya ne wuski mai tsada irin na Craigellachie ba shi ne abin shan yau da kullum na waɗanda abin ya fi shafa ba, amma kamfanonin da suka ja da dokar su ne dai masu matatun.

KOMAI YA KOMA GA RUWA

Akwai abu guda da ba a iya shigo da shi daga Amurka ko Sifen, shi ne ruwa. Matatu suna ɗiban ruwan haɗi daga maɓuɓɓugai, suna kuma bukatar ruwan sanyi mai ɗimbin yawa daga ƙoramu da kogi don huce tururi. A bazarar 2018 an yi fari da zafin da ba a saba gani ba, har matatar Glenfarclas ta tsayar da aiki na wajen wata guda don rashin ruwa. Tun shekarun 1940 kuma ake karkatar da wani kaso na ruwan Spey daga can samansa zuwa yamma, don samar da lantarki ga masana'antar narka gorar ruwa da ke Fort William.

Kifin salmon, wanda shi ne ya fara jawo attajirai zuwa otal ɗin Craigellachie, ba ya son ruwa mai ɗumi ko marar zurfi. Yawansa ya ragu ƙwarai, har a watan Disamba na 2023 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa salmon na kogunan Birtaniya cikin jerin masu fuskantar ƙarewa. Saboda haka masu kula da kogin suka shiga dasa itatuwa a gaɓar ƙoramu don inuwa ta sanyaya ruwan, matatu kuma suna neman hanyoyin rage abin da suke ɗiba.

Matatar Craigellachie takan fitar da kwalabenta a shekara 13 da 17 da 23. Gangar da ma'aikaci ya cika bana, ya buga mata marufi, ya gangara ta cikin ɗakin ajiya don kwalbar shekara 23, wataƙila ba shi zai buɗe ta ba, yaron da ke makarantar firamare ta ƙauyen yanzu ne zai buɗe, in ya zauna a gida, in kuma matatar tana nan. Kafin wannan rana za a yi zaɓe sau da dama a Landan da Washinton, a ɗora haraji a sauke, kamfanin ma yana iya sake hannu. Mutanen ƙauyen ba su da ta cewa a cikin waɗannan duka. Abin da ke gabansu shi ne gyaran ganga, da tsaron tukunya, da duban tsayin ruwa a ƙarƙashin gadar Telford idan bazara ta yi nisa.